Neman shawara kan ƙera ƙaramin jirgin yaƙi mai tashi da rimot a Legas

Mai Kwayil na Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni mai naɗin kwayil ne a Agege, sana'ata gyaran fanka da injin ban ruwa da ƙananan janareta, kuma tun ina yaro a gida, lokacin da muke feƙe kara muna haɗa mota da jirgi, nake da burin in ƙera jirgin da zai tashi da gaske. Bana ne Allah ya nufa na yi yunƙurin farko, kuma sakamakon da na samu shi ya kawo ni neman shawararku.

Na samo zanen jirgin A-29 Super Tucano, irin wanda rundunar sojin saman Najeriya ta karɓi guda 12 a shekarar 2021, na auna shi da rula, na rage kowane sashe daidai wa daida, har tsawon fukafukan daga wannan baki zuwa wancan ya zama mita ɗaya da 'yan kai. Gangar jikin da filawud mai kaurin milimita 3 na yi ta, fukafukan kuma da farin soson nan mai tauri da ake tallafe firij da shi a cikin kwali. Domin ya yi santsi, na liƙe shi da takarda, na cike duk wani rami da fila irin ta masu gyaran jikin mota, sannan na bi da fenti hawa uku. Maganar gaskiya ya yi kyau, har mutanen layinmu suna tsayawa ɗaukar hoto da shi a ƙofar shago. Da na ɗora shi a sikelin maƙwabcina mai kanti, da batir da komai, ya ba ni kilo 1.9.

Wata Lahadi da sassafe muka kai shi filin ƙwallo da ke bayan unguwarmu. Kafin mu sake shi na gwada daidaitonsa a kan yatsu biyu, kuma ya tsaya cak sa'ad da na sa yatsun a tsakiyar faɗin fiffiken, saboda haka hankalina ya kwanta. Ƙanena ya ɗaga shi sama da kansa, na buɗe wuta gaba ɗaya, ya ruga taku huɗu ya wurga. Jirgin ya ɗaga hanci kamar dokin da aka ja wa linzami da ƙarfi, ya karkata hagu, ya kife, ya soki ƙasa da hanci. Bai kai daƙiƙa huɗu a sama ba. Aikin wata biyar ya dawo gida a cikin buhun shinkafa, batirin kuma washegari na tarar ya kumbura.

Abin da nake son sani shi ne ainihin abin da ya kashe shi, domin moton yana da ƙarfi, idan na riƙe jirgin a hannu har fizgata yake yi. Ina kuma neman shawara kan girman da ya dace da kayan da za a iya samu a nan Legas ba tare da an yi odar komai daga waje ba. Wani abokina ya ce in bar Tucano in koma Alpha Jet, wani kuma ya ce duk mai wannan harka a duniya da Spitfire yake ado. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Apapa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Tun kafin in kai inda ka ce ya kife na riga na san yadda labarin zai ƙare, domin nawa na farko ma haka ya yi da ni. Abubuwa biyu ne suka haɗu suka kashe jirginka, yawan nauyi da wurin da nauyin ya zauna, kuma ko ɗaya daga cikinsu ya isa ya yi wannan aikin shi kaɗai.

Mu fara da lissafin ragewa. Super Tucano na gaske tsawon fukafukansa mita 11.14 ne, shimfiɗarsu kuma murabba'in mita 19.4. Kai ka rage shi zuwa kashi ɗaya cikin 11. Tsawo ya ragu sau 11, amma shimfiɗar fiffike, wadda ita ce ke ɗaukar jirgi, ta ragu sau 11 sau 11, wato 121, ta koma murabba'in mita 0.16 kacal. A kan wannan 'yar shimfiɗa ka ɗora kilo 1.9, wanda ya kusa kilo 12 ga kowane murabba'in mita. Fiffiken da aka yi wa irin wannan lodi ba zai riƙe jirgi ba sai gudu ya kai kimanin kilomita 50 a awa, kuma da wuya hannun mutum ya wurga abu mai kusan kilo biyu da wannan gudun bayan taku huɗu. Ƙarfin moton da kake ji a hannu bai samu lokacin da zai kai jirgin wannan gudun ba. Filar motar nan da fenti hawa uku su suka cuce ka.

Na biyu kuma ya fi na farko muni. Cibiyar nauyin jirgi irin wannan ba a tsakiyar faɗin fiffike take zama ba. Wurinta kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ne na matsakaicin faɗin fiffiken, idan aka auna daga bakin gaba. Kai naka ya daidaita a kashi 50, ma'ana wutsiya ta rinjaye shi ƙwarai, shi ya sa yana barin hannu ya ɗaga hanci. Da hanci ya ɗagu fiye da ƙima, iskar da ke bin bayan fiffike ta sake shi, kuma a fiffike mai sirancewa zuwa baki, bakin ne kan fara rasa ta. Karkatar hagun ma tana da dalili: farfela tana juyawa dama idan ka tsaya a bayan jirgi, saboda haka tana murɗa gangar jikin zuwa hagu, kuma wannan murɗa ta fi tasiri sa'ad da wuta take cike gudu kuma yake kaɗan, wato daidai lokacin wurgawa. Jirgin da hanci ya ɗan rinjaya yana tashi, sai dai ba daɗin tuƙi, amma wanda wutsiya ta rinjaya ko ƙwararre ne ya riƙe rimot da ƙyar zai dawo da shi ƙasa lafiya.

Inda na fi son ka tsaya ka yi nazari shi ne nan: ka rage jirgi, amma iska ba ta ragu tare da shi ba. Ƙaramin fiffike mai tafiya a hankali ba ya cin moriyar iska yadda babba mai gudu yake ci, kuma iska takan sake shi da wuri. Wannan ne ya sa masu ƙera irin waɗannan jirage suke kwaikwayon kamannin da ido zai gani, amma su sauya abubuwan da iska za ta taɓa. Ko nauyin ma ba a kwaikwayonsa. Tucano ba lodi ya kai kilo 3,200, kuma idan ka rage shi zuwa kashi ɗaya cikin 8, nauyi yana raguwa sau 8 sau 8 sau 8, wato 512, ya ba ka sama da kilo 6. Jirgi mai wannan girman da kilo 6 zai buƙaci kusan kilomita 70 a awa kafin ya tsaya a sama, wanda ba abin da sabon matuƙi zai iya saukarwa a filin ƙasa ba ne.

Shawarata ka ƙara girma ka rage nauyi. Ka yi kashi ɗaya cikin 8, fukafukai su zama mita 1.39, shimfiɗarsu kimanin murabba'in mita 0.3, kuma ka ɗaura wa kanka cewa duka jirgin da batirinsa ba zai wuce kilo 2 ba. Wannan zai ba ka lodin da bai kai kilo 7 ga murabba'in mita ba, jirgin kuma zai riƙe kansa daga kimanin kilomita 38 a awa. Ka lura nauyin kusan ɗaya ne da na wanda ya faɗi, shimfiɗar ce ta kusa ninkawa. Matsakaicin faɗin fiffiken zai kama santimita 22, saboda haka ka nemi wurin da faɗinsa ya kai haka tsakanin jiki da baki, ka auna santimita 5.5 zuwa 6.5 daga bakin gaba, ka sa alama da biro a ƙarƙashin kowane fiffike. Nan yatsunka za su zauna, kuma a tashin farko ka fi karkata ga 5.5.

Siffar yankan fiffiken kada ka ɗauko ta daga jirgin gaske. Ka nemi zanen Clark Y, tsohuwar siffa ce tun 1922, cikinta shimfiɗaɗɗe ne a ƙasa, kaurinta kusan kashi 12 cikin ɗari na faɗinta, tana da sauƙin yanka kuma tana da haƙuri a ƙaramin gudu. Ka murɗe bakin kowane fiffike kaɗan, gabansa ya sunkuya da digiri 2 ko 3 idan aka gwada da gindinsa, domin idan iska za ta saki fiffiken ta fara daga kusa da jiki, jirgin ya sunkuyar da hanci maimakon ya kife. Wutsiyar kwance kuma ka ƙara mata kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a kan abin da lissafin ragewa ya ba ka. Babu mai gane wannan ƙari daga nesa, amma za ka ji shi a yatsunka.

Game da abokanka, ina girmama ra'ayinsu amma kada ka bi. Alpha Jet, wanda Faransa da Jamus suka haɗu suka ƙera, ba shi da farfela a waje, don haka sai ka binne fanka mai gudu a cikin bututu, ga cin batir ga saurin da ba ya jiran mai koyo. Spitfire kuwa, wanda ya fara tashi a Ingila a 1936, kyansa a fiffikensa mai siffar ganye yake, kuma wannan siffar ce ke wahalar da mai yanka. Hancinsa gajere ne, sai ka cika shi da dalma kafin ya daidaita, ƙafafunsa kuma a matse suke, yana yawan tuntsurewa wajen sauka. Tucano yana da dogon hanci da zai ba ka damar tura batir gaba, yana kuma da taya a hanci. Zaɓinka na farko ya fi nasu.

Kafintan Idi-Araba ya amsa:

Salamu alaikum. Lissafi na Injiniya ne, ba zan sa baki a ciki ba. Ni a kan kayan aiki zan yi magana, tunda shekara da shekaru da katako nake cin abinci, kuma na ƙera irin waɗannan jirage guda uku, biyu suna nan da ransu.

Idan ka duba yadda Turawa suke yi za ka ga ko'ina balsa suke ambata, wani itace marar nauyi da galibinsa daga Ekwado ake fitar da shi. Samunsa a nan sai an yi oda, kuma kuɗin kawowa kan fi kuɗin katakon. Amma muna da namu a gida, wato obeche, wanda Yarbawa ke kira arere, kuma duk mai sayar da katako a Mushin ko Ebute Metta ya san shi. Ya ninka balsa nauyi ko fiye, don haka ba za a yi duk jirgin da shi ba, sai dai wajen ƙashin fiffike da sandunan da ke bin tsawon jiki yana da kyau sosai, ba ya tsagewa da sauƙi kuma yana karɓar gam. Ka zaɓi busasshe mai miƙaƙƙen zare, ka sa a tsaga maka shi sirara. Filawud kuma wuri uku kawai yake da aiki: bangon da moto zai zauna, inda ƙafafu za su kama, da inda fiffike ya haɗu da jiki. Yin dukan gangar jiki da shi shi ne kuskuren da kowane mai sana'ar hannu yake fara yi, domin mun saba da cewa abu mai ƙwari shi ne abu mai kyau.

Soson firij ɗin da ka yi amfani da shi ba laifi, amma kada ka sassaƙe shi da wuƙa. Ka samu wayar hita ka ɗaure ta a jikin katako kamar baka, ka ba ta wuta daga batirin mota ko taransifoma mai ƙaramin bolt, wannan kai ka fi ni sani. Ka yanka siffar fiffiken guda biyu a filawud, babba ta gindi da ƙarama ta baki, ka manna su a gefe biyu na soson, ku biyu ku ja wayar a kansu a tare. Ni nakan raba kowace siffa gida goma in rubuta lamba, ɗana yana gefe ɗaya ina ɗaya, ina ƙirga da ƙarfi domin mu isa kowace lamba lokaci guda, in ba haka ba wayar takan ja baya a tsakiya ta ƙwaƙule bayan fiffiken. Murɗar bakin da Injiniya ya ambata a nan ake samar da ita, ta hanyar sunkuyar da ƙaramar siffar kafin a manna. Ka yi yankan a waje, hayaƙin ba shi da kyau ga ƙirji.

Maganar gam kuma a kiyaye. Sufa gulu da fentin feshi na gwangwani suna narkar da wannan soso nan take. Gam ɗin kyandir yana da saurin aiki, amma bai dace da zafin garin nan ba. Jirgina na biyu da shi na kafa wutsiya, na sa shi a but ɗin mota muka shiga cunkoson gadar Third Mainland na kusan awa biyu da tsakar rana, da muka isa na buɗe na tarar wutsiyar ta kwanta gefe guda kamar kunnen akuya. Tun daga ranar, inda ake buƙatar ƙarfi gam mai haɗi biyu nake sawa, sauran wurare kuma farin gam ɗin kafinta.

Maimakon filar mota, ka goge soson da sanfefa mai laushi, ka tsinka farin gam da ruwa, ka liƙa takardar ruwan ƙasa irin ta naɗe kaya, sama da ƙasa a zama ɗaya, domin idan ka yi gefe guda ka bar shi ya bushe zai ja fiffiken ya lanƙwashe. Idan ta bushe takan zama fata mai ƙwari ba nauyi. Damshin Legas shi ne abokin gabarka a nan, musamman daga Mayu zuwa Yuli, lokacin da gam kan kwana biyu bai bushe ba. Ka danne fiffiken a kan miƙaƙƙen tebur har ya bushe sarai, sannan ka rufe takardar da fenti mai ruwa hawa ɗaya ko biyu marasa kauri. Wayoyin jan linzami kuma, wato masu motsa sassan fiffike da wutsiya da ake juya jirgi da su, sifok ɗin keke yana yi, sai dai ka riƙa shafa masa mai, iskar teku tana sa shi tsatsa da wuri.

Ka sayi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ka riƙa auna kowane sashe kana rubutawa, kuma ka fi tsananta wa bayan jirgin, domin giram ɗaya da ya ƙaru a wutsiya yakan ci biyu ko uku na dalma a hanci kafin a rama.

Baban Sadiya, Obalende, ya amsa:

Ɗana, na ji daɗin ƙoƙarinka, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda waɗanda suka riga ni ba su taɓo ba. Ka ce a filin ƙwallon bayan unguwarku a Agege ka gwada shi. Agege tana maƙwabtaka da filin jirgin sama na Murtala Muhammed, kuma sansanin sojin sama yana nan Ikeja kusa da shi. Ka gode wa Allah da jirgin bai yi nisa ba. Tun a 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar da cewa ba a yarda a tashi jirgi marar matuƙi a sararin Najeriya ba sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Jami'in da ya hango abu mai siffar jirgin yaƙi, da tambarin kore da fari da kore a fiffikensa, yana shawagi kusa da hanyar saukar jirage, ba zai tsaya sauraron cewa sha'awa ce ta sa ka ba. Ka je ka nemi bayanin ƙa'ida daga hukumar da kanka kafin ka sake tashi, sannan ka nemi fili can bayan gari, wajen Epe ko Badagry, nesa da gidaje da wayoyin wuta da barikin soja, ka kuma sanar da masu filin abin da ya kawo ka.

Abu na biyu, ban ji inda ka ce ka taɓa tuƙa jirgin rimot ba kafin wannan. Ko da jirginka ya fito ba aibu, da hannunka za ka kashe shi. Sojin saman ma ba sa ɗora sabon ɗalibi a kan Tucano. A Kaduna suke fara koyo da ƙananan jirage masu haƙuri, kuma shekarun baya da Air Beetle suke yi, wanda a Kadunan aka harhaɗa shi. Ka fara ƙera mai fiffike a saman jiki, fukafukan su ɗan ɗaga sama kamar buɗaɗɗen littafi, wanda idan ka saki sandar rimot zai miƙe da kansa. Mako biyu ya ishe ka, kuma moto da rimot ɗin da ka tsira da su za su yi. Kafin nan ka haɗa rimot ɗinka da kwamfuta ka yi atisaye da manhajar koyon tuƙi, akwai irin su PicaSim da RealFlight. Abin da ke kayar da kowa shi ne lokacin da jirgi ya juyo yana fuskantarka, hagunsa ya koma damanka, kuma gara ka faɗi sau ɗari a allon kwamfuta har yatsunka su saba.

Mai Kwayil na Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba, na karɓi faɗanka, wallahi ban kawo maganar filin jirgi a raina ba, alhali kullum a kanmu suke wucewa. Maganar jirgin koyo ta ɗan yi mini ɗaci da farko, amma na ga gaskiyarta, kuma na riga na fara yanka shi. Na kuma auna ragowar tsohon jirgin, na tarar wutsiyar kaɗai da filarta ta haura giram 200, abin da ya tabbatar da maganar Injiniya da ta Malam kafinta.

Saura tambayoyin da suka shafi wuta. Wane irin moto da batir ne za su ja jirgi mai kilo 2, kuma tunda naɗi sana'ata ce, zan iya sake naɗa moton da nake da shi, wanda aka rubuta wa 1400 KV, lambar saurin juyinsa, ya dace da babbar farfela? Na kuma lura Tucano na gaske farfelarsa ganye biyar ce, ƙafafunsa kuma suna naɗewa ciki, kuma ina son nawa ya yi kama da shi ta nan ma. Batirin da ya kumbura yana nan a shago, ko akwai yadda za a farfaɗo da shi?

Injiniyan Apapa ya amsa:

Malam, batirin nan ka fitar da shi daga shago yau ɗin nan. Batirin LiPo, irin wanda ake sa wa waɗannan jirage, idan ya bugu har ya kumbura ba ya gyaruwa, kuma yana iya kamawa da wuta ba tare da an taɓa shi ba. Kada ka huda shi kuma kada ka yi masa caji. Ka sa shi cikin tukunyar ƙasa ko bokitin ƙarfe mai yashi a waje, ka zuƙe sauran wutarsa a hankali da ƙaramin ƙwan fitila. Sabon da za ka saya, kowane ɗaki nasa, wato kowane ɗaya daga ƙananan batiran da aka haɗa a cikinsa, bolt 4.2 ne idan ya cika, kada ka bari ya sauka ƙasa da kimanin 3.5 a lokacin tashi, idan kuma zai kwana biyu ba aiki ka bar shi a 3.8. Ka yi caji da cajar da ke daidaita ɗakunan, kana wurin, ba ka jona ka tafi masallaci ba.

Jirgi irin wannan yana son wat 250 zuwa 300 ga kowane kilo, wato 500 zuwa 600 gaba ɗaya. Batir mai ɗaki huɗu yana ba da bolt 14.8, saboda haka a cikakkiyar wuta zai ja kusan amfiya 40, sai ka sa na'urar daidaita gudun moto, ESC, mai ɗaukar 60 domin ta samu sarari a wannan zafi namu, ka kuma buɗe mata hanyar iska ta shiga ta hanci ta fita ta ƙarƙashin jiki. Batir mai 3300 mAh, wato ma'aunin yawan wutar da yake ajiyewa, zai ba ka minti 6 zuwa 7 idan ba kullum wuta take cike ba. Lambar KV tana nufin yawan juyi a minti ga kowane bolt idan ba lodi, kuma moton da ya dace da kai mai kimanin 700 ne, da farfela mai inci 12. Ƙarin zagayen waya yana rage KV, ninka zagayen zai mayar da 1400 kusan 700, wannan aikinka ne. Amma naɗi ba ya ƙara wa moto girman ƙarfe ko maganaɗisu, kuma idan ƙarami ne da aka yi don wat 200 ko 300, ko yaya ka naɗa shi zai ƙone a 600. Ka bar shi wa jirgin koyo. Idan ka zo kafa sabon, ka karkatar da shi dama da digiri 2, ƙasa ma kamar haka, domin ya rage jan hagun nan.

Farfela mai ganye biyar ka sassaƙa ta don ado da ɗaukar hoto, ka tashi da mai ganye biyu, ta fi ba da ja a wuta ɗaya kuma ta fi arha idan ta karye. Ƙafafu masu naɗewa za su ƙara maka nauyi, kuma filin ƙasa mai burji yana saurin lanƙwasa su, don haka ka fara da kafaffu na wayar ƙarfe, amma ka bar gurbinsu a fiffiken tun wajen yanka. Ranar tashi ka cire farfela tukuna, ka kashe rimot ka tabbatar moto ya tsaya da kansa, ka gwada nisan da risiba, wato na'urar cikin jirgin mai karɓar umarni, ke jin rimot, sannan ka tsaya a bayan jirgin ka tura sanda dama ka ga leɓen nan mai motsi da ke bayan fiffiken dama ya ɗaga sama. Ka tashi da sassafe kana fuskantar iska, domin iskar teku tana ƙaruwa da rana ta ɗaga.

Kafintan Idi-Araba ya ƙara da cewa:

Ina da ragowar busasshen obeche da ya shekara a rumfa. Idan ka gama zanen fiffiken a girmansa na gaske, ka zo da shi ranar Asabar bayan la'asar mu tsaga ƙashin daidai da kaurinsa, ka kuma taho da wayar hitar mu gwada ta a kan guntun soso kafin a taɓa babban.